Yadda Za Ka Karanci Ilimin Gina Ƙarfi da Juriyar 'Yan Wasa a Jami'a

Duk wanda ya saba bi ta wajen filin wasa na Pantami a Gombe bayan sallar asuba ya san yadda matasa suke cika wurin, wasu suna zagaye da gudu, wasu suna tsalle-tsalle, a cikin unguwanni kuma ga 'yan ɗaga ƙarfe da suka zuba kankare a gwangwanayen fenti suka soka musu bututu suna ta fama. Haka abin yake a Bauchi, a kewayen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa inda Wikki Tourists take karɓar baƙuncin wasanninta. Himma ba ta yi mana ƙaranci ba. Wanda muke da ƙarancinsa shi ne mutumin da zai tsaya a gaban waɗannan matasa ya gaya wa kowannensu nauyin da ya dace da shi, da sau nawa zai ɗaga, da ranar da zai huta, sannan idan aka tambaye shi dalili ya kawo hujja daga ilimi. Wannan shi ne aikin mai horar da ƙarfi da juriya, kuma fanni ne da ake karantawa a jami'a a ƙarƙashin kimiyyar wasanni. Na yi wannan bayani ne domin ƙannenmu maza da mata da suke gab da kammala sakandare, ko suke riƙe da shaidar NCE, waɗanda suke son mayar da sha'awarsu ta motsa jiki ta zama sana'ar da ke tsaye a kan karatu.

Tun da farko ya kamata ka san iyakar aikin, domin mutane suna yawan cakuɗa shi da wasu ayyuka biyu. Koci shi ne mai tsara dabarun wasa da zaɓen waɗanda za su buga, likitan fisiyo kuma shi ne mai kula da wanda ya ji rauni, kuma karatunsa daban ne da lasisinsa na kansa. Kai aikinka yana tsakiyarsu: ka shirya jikin ɗan wasa yadda zai iya ɗaukar abin da koci yake buƙata daga gare shi, ka rage masa yiwuwar jin rauni, idan kuma likita ya sallame shi ka mayar da shi ƙarfinsa na da a hankali. Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A shekarar 1969 ne Jami'ar Nebraska ta Amurka ta ɗauki Boyd Epley a matsayin mai horar da ƙarfi, a zamanin da masu horarwa da yawa suke ganin ɗaga ƙarfe yana sa ɗan wasa nauyin jiki, sannan a 1978 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda aka sani da NSCA. Wannan tsoro na cewa ƙarfe yana kashe gudu har yanzu yana nan a filayenmu, kuma yana daga cikin abubuwan da za ka yi ta gyarawa da haƙuri.

Idan ka buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, ka nemi kwas ɗin da ake kira Human Kinetics, ko kuma tsohon sunansa Physical and Health Education, wanda ɗalibai suka fi sani da PHE, domin a cikinsa ne wannan fanni yake zaune a jami'o'inmu. Yawanci yana ƙarƙashin tsangayar ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri duk suna da wannan sashe, kuma dukkansu ɗan Bauchi ko ɗan Gombe yana isa a mota cikin yini guda. Kafin ka cike kowace jami'a, ka tabbatar a kundin JAMB na shekarar da kake ciki cewa tana ba da kwas ɗin, ka kuma bincika ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da shi a can. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, kuma bayoloji shi ne darasin kimiyya da ya fi muhimmanci a gare ka. A jarrabawar JAMB Turanci dole ne, sauran darussa 3 kuma suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka kada ka dogara da abin da aboki ya gaya maka a majalisa, ka karanta da idonka. Wanda ya shiga ta JAMB zai yi shekara 4, wanda kuma yake da NCE a fannin zai iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu ya yi shekara 3.

Akwai wata jarrabawa da ba a rubuta ta a takarda, ita ce ta gida. Mai yiwuwa ne Baba ya dube ka ya ce, "Yanzu ƙwallo za ka tafi jami'a ka karanta?" Kada ka ɗauki tambayar da zafi, domin tana da dalili. Ka zauna da ladabi ka nuna masa jerin darussan, ka bayyana masa cewa za ka karanci yadda zuciya da huhu da tsoka suke aiki, kuma digirin yana ba ka damar koyarwa a makaranta ko da aikin ƙungiyar wasa bai samu da wuri ba. Iyaye sun fi natsuwa idan suka ga ɗansu ya san abin da yake nema.

Da ka shiga, za ka tarar cewa manhajar tana da faɗi, kuma ba domin kai kaɗai aka tsara ta ba. Akwai darussan koyarwa, da tarihin wasanni, da kiwon lafiyar al'umma, da shugabancin harkar wasanni, ga kuma wasannin da za ka yi a aikace a fili. A nan ne maganar da na fi so ka riƙe take: jami'a za ta ba ka tushe, amma ƙwarewar gina ƙarfi da juriya kai ne za ka tono ta daga cikin wannan faffaɗar manhaja, ta hanyar darussan da ka ba fifiko da abin da kake yi da yammacinka. Darussan da za ka riƙe da hannu biyu su ne ilimin sassan jiki, da ilimin yadda jiki yake aiki lokacin motsa jiki, da ilimin motsi da nauyi, da abinci mai gina jiki, da gwaji da awo, da ƙididdiga. Ɗalibai da yawa suna gudun na ƙarshen, alhali wanda bai iya fitar da matsakaici daga sakamakon mutum 20 ba, ba zai taɓa sanin ko horon da ya ba su ya yi amfani ba. Darussan koyarwa ma kada ka raina su. Ranar da za ka tsaya gaban samari 25 da suka gaji, kana so ka gyara musu yadda suke tsuguno da nauyi a kafaɗa, za ka gode wa watannin da ka yi kana koyarwar gwaji a makarantar sakandare.

Bari in ba ka misalin yadda darasin aji yake sauya aikin fili. Za a koya maka cewa jiki yana da hanyoyi 3 na samar da kuzari. Ta farko tana ba da ƙarfi mai yawa nan take amma takan ƙare cikin kimanin daƙiƙa 10, ita ce mai tseren mita 100 yake dogara da ita, haka ma ɗan dambe a lokacin da ya kai naushi ko ɗan kokawa da ya ɗaga abokin karawarsa. Ta biyu tana ƙona sukarin da ke ajiye a tsoka ba tare da jiran iskar oksijin ba, tana ɗaukar mutum har wajen minti 2, kuma ita ce ta fi aiki a tseren mita 400. Ta uku tana tafiya da oksijin, ba ta da zafin na farkon amma tana daɗewa, ita ce take riƙe ƙwararren ɗan ƙwallo da yake cinye kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya. To, duba abin da aka saba yi a filayenmu, inda ake sa 'yan ƙwallo su zagaye fili sau 20 a hankali kowace safiya. Wannan yana gina hanya ta uku ne kawai, alhali ƙwallon da ake ci da wanda ake tarewa yawanci a cikin ɗan gajeren gudu na daƙiƙa 3 ko 4 ake yanke hukuncinsu. Wanda ya fahimci darasin zai raba mako: wata rana gajeren gudu da cikakken hutu a tsakani, wata rana gudu mai tsayawa da tashi, wata rana ƙarfe.

Haka batun nauyi yake. Ƙa'idar ƙara nauyi sannu a hankali, wadda likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya tsara a shekarun 1940 lokacin da yake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni, ita ce ginshiƙin komai: tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan an ba ta lokacin murmurewa. Ana auna nauyi ne da mafi girman abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. Idan ɗan wasa yana iya tsuguno da kilo 100 sau ɗaya tak, horon ƙarfi zalla yana farawa daga kilo 85 zuwa sama, ana ɗagawa sau 6 ko ƙasa da haka, da hutun minti 2 zuwa 5 tsakanin zagaye. Mai neman girman tsoka zai tsaya tsakanin kilo 67 da 85, sau 6 zuwa 12, mai neman juriyar tsoka kuma zai sauko ƙasa da haka ya ƙara yawan ɗagawa. Sabon shiga ba a gwada shi da mafi girman nauyi, ana fara koya masa tsayuwa da riƙo ne da sanda mara nauyi har sai bayansa ya daina lanƙwasa. Za ka kuma koyi cewa ƙarfin da yake ƙaruwa a makonnin farko yawancinsa daga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne, waɗanda suke koyon haɗa kan tsokoki, girman tsoka kuwa daga baya yake zuwa. Sanin wannan kaɗai ya isa ka kwantar da hankalin saurayin da ya yi wata guda bai ga ƙwanji ba har ya fara tambayar allurar ƙara girman tsoka.

Daga nan sai tsarin shekara, wanda masanin Tarayyar Sobiyet Lev Matveyev ya yi fice a kansa a shekarun 1960: lokacin share fage kafin kakar wasa ana gina tushe da aiki mai yawa, idan gasa ta kankama a rage yawa a riƙe kaifi, bayan kaka a ba jiki hutu mai ɗan motsi.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi kowane darasi raba ɗalibi da ɗalibi. Tun daga zangon karatu na farko ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka nemi ƙungiyar da za ka riƙa taimaka wa kyauta, ko ta jami'a ce mai shirin gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, ko ta sakandare, ko ta unguwarku a Jekadafari ko Wunti lokacin hutu. Ka je wa kocin da girmamawa, ka ce masa, "Malam, ina karatu ne a wannan fanni, ina so in koya a ƙarƙashinka," kada ka je masa da gyara a ranar farko, domin wanda ya shekara 15 a fili ya san abubuwan da littafi bai faɗa ba. Idan ya sake da kai, ka roƙi izinin yin gwaji. Ba ka buƙatar na'ura mai tsada. Da tef na awo da agogon waya da alli da sikelin awon nauyi za ka iya auna gudun mita 30, da tsayin tsalle a jikin bango, da nisan tsalle daga tsaye, da gwajin Cooper na shekarar 1968, wanda ake auna nisan da mutum ya yi cikin minti 12. Ka rubuta suna da rana da lokaci da yanayin zafi, ka maimaita bayan mako 6 ko 8 a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, da takalmi iri ɗaya, domin idan ka sauya yanayin gwaji ka ɓata sakamakon. Ka riƙa rubuta duk wanda ya ji rauni, a wace gaɓa, a wane minti, yana yin me. Bayan shekara 3 wannan littafi zai zama hujjar da babu takardar shaidar da za ta kai ta, gani kuwa ya kori ji.

Hanya mafi sauƙi da za ka shiga zuciyar koci ita ce rigakafin rauni. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka fito da shi a 2006, minti 20 kawai yake ci, ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙungiyoyin da suka lizimce shi. A cikinsa akwai atisayen da mutum yake durƙusawa, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sulalewa gaba a hankali yana riƙe kansa da tsokar bayan cinya. Wannan atisaye shi kaɗai an ga yana rage tsagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi. Kocin da ya ga 'yan wasansa sun daina zama a benci saboda ciwon cinya zai fara tambayar ra'ayinka da kansa.

Littattafan da za ka karanta galibi an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi, kai kuma a Gombe ko Bauchi za ka yi aiki, inda zafin watan Maris da Afrilu yake kai wa maki 40. Dole ne ka koyi sauko da ilimin ƙasa. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a cikin zafi, saboda haka ɗan wasan da ya dawo daga hutu ko ya zo daga Jos ba a jefa shi cikin cikakken atisaye a ranar farko. Ka auna nauyin 'yan wasa kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce ta ruwa da ta fita da gumi, kuma idan mai kilo 70 ya rasa kilo 1.4, wato kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙwazonsa ya fara sauka. Idan ka ga wani ya ruɗe yana magana ba kan gado ko yana tangaɗi a cikin rana, ka tsayar da komai ka sanyaya jikinsa da ruwan sanyi nan take, sannan a garzaya da shi asibiti. Ka kuma riƙa tambayar rukunin jinin sikila tun ranar rajista, domin mai AS yana iya wasa lafiya lau, amma matsanancin gudu a cikin zafi da ƙishirwa yana iya jefa shi cikin haɗari, don haka ana ɗaga masa aiki mataki-mataki tare da shawarar likita. Wannan ne ma ya sa nake ganin koyon taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi wajibi ne a kanka tun kana aji ɗaya.

Watan azumi kuwa yana da nasa tsari. Abin da ya fi dacewa shi ne a rage yawan aiki a riƙe ingancinsa, a yi atisaye mara nauyi gab da shan ruwa, a bar mai nauyi sai bayan sallar asham lokacin da abinci ya zauna, a kuma rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a kwankwaɗe shi lokaci guda. A batun abinci ma kada ka bari gwangwanayen garin furotin masu tsada su ruɗe ka. Ɗan wasa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato wajen giram 112 ga mai kilo 70, ƙwai ɗaya kuma yana ba da kimanin giram 6. Wake da gyaɗa da awara da kindirmo da kifi da nama suna cike wannan gurbi idan aka rarraba su a abincin yini, tuwo da shinkafa da fura da masa kuma su ba da kuzari. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ƙwayoyi suka shiga tsakanin matasa masu motsa jiki, musamman taramol, wanda wasu suke sha don kada su ji gajiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, kuma a dokarta ɗan wasa ne yake ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa. Yaran da za ka horar amana ce a hannunka, kuma kai ne za su fara tambaya.

Idan ka kai aji huɗu, ka zaɓi kundin binciken da za ka yi da ƙafarka a fili. Maimakon rarraba takardar tambayoyi kan ra'ayin mutane game da wasanni, ka ɗauki ƙungiyoyi biyu na sakandare, ɗaya ta yi shirin tsalle-tsalle na mako 8 ɗaya ta ci gaba da abin da ta saba, ka auna su kafin da bayan, da izinin makaranta da na iyaye da sa idon malaminka. Irin wannan aiki ne yake buɗe ƙofar digiri na biyu a fannin yadda jiki yake aiki lokacin motsa jiki, a gida ko a waje, inda jami'o'i irin su Loughborough ta Ingila suka yi suna a kimiyyar wasanni. Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974, tana ba da kwasa-kwasan horarwa da za su ƙara maka daraja a wajen ƙungiyoyi. Shaidar ƙwarewa a horar da ƙarfi da juriya ta ƙungiyar NSCA, wato CSCS, wadda aka fara bayarwa a 1985, tana daga cikin waɗanda aka fi sani a duniya. Tana buƙatar digiri da shaidar iya farfaɗo da numfashi, jarrabawarta kashi biyu ce, ɗaya kan kimiyya ɗaya kan aiki, kuma da dala ake biya, don haka ka fara tanadi tun kana hidimar ƙasa, ka kuma karanta sharuɗɗanta na lokacin da za ka nema.

Ga ƙannenmu mata, wannan fanni yana da buƙatarku fiye da yadda kuke zato. Akwai 'yan mata masu wasa a makarantu, akwai iyayenmu mata masu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa waɗanda likita ya umarta da motsa jiki, kuma da yawansu ba za su sake a gaban namiji ba. Macen da ta karanci wannan ilimi za ta iya buɗe wurin motsa jiki na mata zalla a cikin gari, da sutura da tsarin da ya dace da addini da al'ada.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan ba su saba ware kujera ta musamman ga mai horar da ƙarfi ba, kuma mai yiwuwa aikinka na farko ya zama koyarwa a makaranta, wanda yake buƙatar rajista da hukumar malamai ta TRCN, ko kula da ɗakin motsa jiki, ko aiki da hukumar wasanni ta jiha. Ka karɓa, ka ci gaba da zuwa fili da yamma. Ranar da ka samu damar zama da shugabannin wata ƙungiya, ka tafi da takardunka da littafin nan naka, ka buɗe musu shafin da ya nuna gudun mita 30 na yaranka a farkon shiri da ƙarshensa, da adadin waɗanda suka ji rauni a kakar da ta gabata da wadda ka yi aiki da su, sannan ka roƙi a ba ka mako 6 na share fagen kaka mai zuwa tare da izinin auna 'yan wasan a rana ta farko da ta ƙarshe.